Gasar fatsa ta taimako a ruwan Legas: inda shiri ya kai daga Kano

5 ga Oktoba

A Legas za a yi gasar, a babban tafkin da ke haɗe da teku da mashigan ruwan da ke kewaye da shi, domin kifin da ake nema na ruwan gishiri ne mai kiwo kusa da gaɓa. Amma kusan duk aikin hannu a nan Kano ake yin sa, kuma nan kuɗin zai dawo: rigunan ruwa za a saya wa masu ƙetare madatsun ruwan jihar nan a kwale-kwale. Duk wanda ya tuna jirgin da ya kife a ruwan Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, aka rasa aƙalla mutum 29, yawancinsu yara 'yan Islamiyya, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Fatsar ba irin wadda aka saba ba ce, ta tana da dalma. Gashi ake ɗaurewa a jikin ƙugiya ya yi kama da ɗan kifi ko jatan lande, shi ne koton. Ba shi da nauyin da zai ja igiya, don haka igiyar ce mai nauyi, ita ke ɗaukar koton ta kai shi. Mun tsayar da sanda mai lamba 9, tsawon ƙafa 9, mai gaɓa huɗu, da igiya mai lamba 9 wadda ke yawo a saman ruwa. Lambar ma'auni ce: ƙafa 30 na farkon igiya mai lamba 9 nauyinsu giram 15 da rabi ne, na lamba 8 kuma giram 13 da rabi da 'yan kai. Lamba 8 ta fi daɗin hannu, amma iskar teku da koto mai nauyin ido sun fi ƙarfinta a hannun sabon shiga. Ƙarƙashin igiyar, a cikin manaɗi, za a sa zaren ajiya mai ƙarfin laba 30, mita 150 zuwa 200.

Kifayen da za a ba maki, da sunayensu na Turanci: tafon, barakuda, jak, sinafa, da babban kifin nan mai dogon gemu a ƙirji da 'yan kasuwar Legas ke kira shaininos. Sanda, igiya da manaɗi ba a yin su a gida, aro za a yi daga masu su. Koto, kwandon igiya (wanda mai jifa ke ɗaurawa a ƙugu igiya ta taru a ciki), allon awon kifi da bututun ɗaukar sanda kuwa, ba dalilin da zai sa a kashe musu kuɗin da ya kamata ya zama rigar yaro.

19 ga Oktoba

Gashi. A Amurka da wutsiyar barewarsu suke ɗaurin, mu kuwa abin da kwata da kasuwa suka bayar muka gwada. Wutsiyar saniya ta yi kauri kuma tana da lanƙwasa, koton sai ya buɗe kamar tsintsiya. Ta doki ta fi ta tauri, ba ta motsi a ruwa ko kaɗan. Gezar farin rago ita ta fi: tsayinta ya isa, tana da santsi, tana numfashi idan an ja ta a ruwa. Sai dai maiƙo. Idan ba a cire shi ba rini ba ya kamawa, zare yana zamewa, kuma cikin mako guda akwatin ya fara wari. A yanke ta da 'yar fatarta, a kankare naman, a jiƙa cikin ruwan ɗumi da sabulun wanke kwano na awa ɗaya, a sake ruwa sau biyu, a cika bayan fatar da gishiri, a shanya a inuwa. Rana tana sa fatar ta ƙanƙance ta murɗe gashin.

Gashin kitso na roba da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari shi ma ya yi, har ya fi geza jure haƙorin kifi, kuma ba ya shan ruwa, don haka jifansa ya fi sauƙi. Ba ya karɓar rini, sai a saye shi da launinsa: fari, tsanwa, ruwan ɗorawa, shuɗi. Don ƙyalli, zaren adon da masu surfani ke amfani da shi ya wadatar. Idon koto kuwa sarƙar nan ce mai ƙananan ƙwallaye ta jan makunnin fitila ko toshiyar baho, a yanka ƙwallo bibbiyu. Zaren ɗauri ya zama na roba irin na teloli. Na auduga yana ruɓewa a ruwan gishiri.

Shuɗin bayan koto a karofin Ƙofar Mata aka yi shi. Ruwan baba yana da toka da kanwa, masu cin gashin dabba idan ya daɗe a ciki, saboda haka tsomawa gajera ake yi, a fitar iska ta buga shi ya juya daga kore zuwa shuɗi, a maimaita sau biyu ko uku, sannan a ɗauraye da ruwan da aka ɗiga wa ruwan tsami.

2 ga Nuwamba

A nan ne tattali ya tsaya. An narka gishiri giram 35 a kowace litar ruwa, wato kwatankwacin ruwan teku, an jiƙa ƙugiyoyi iri-iri na dare ɗaya, an rataye su a iska ba tare da ɗauraya ba. Baƙaƙen ƙugiyoyin mamari da masunta ke saye da kwali sun yi ja kafin kwana biyu, tsatsar kuma daga tsini take farawa da cikin idon ƙugiya, inda zare ke shiga, wuraren da suka fi muhimmanci. Tsatsar ido tana yanke zare, ta jiki kuma tana rina farin gashi ya koma ruwan ƙasa. A ruwan dam ba su da laifi. A teku asarar aikin ɗauri ne.

An tsaya a kan ƙugiya marar tsatsa irin Mustad 34007, lamba 2, 1/0 da 2/0. Masu cewa a gwada da maganaɗisu su daina: ƙarfen da ake ƙera irin wannan ƙugiya da shi ma yana kama maganaɗisu, gwajin ba ya raba komai. Ruwan gishiri kaɗai ke faɗin gaskiya. Ƙugiyar tana zuwa da ɗan dakushi, sai an bi tsinin da ƙaramin zarto, gefe biyu da ƙasa, har sai ta kama farce ba ta zame ba.

Aibinta ɗaya: idan zare ya tsinke, tana daɗewa a bakin kifi tunda ba ta ruɓewa. Don haka kowace ƙugiya za a danne kunnenta, wato ɗan tsinin nan mai hana ta fita baya, da filaya kafin a ɗaura mata gashi. Kafin, ba bayan ba, domin wata takan karye wajen dannewa, kuma gara ta karye tsirara. Ƙugiya marar kunne tana fita daga bakin kifi da sauƙi, haka ma daga kunnen mutum.

16 ga Nuwamba

Ɗauri ya kankama. Kashi biyu cikin uku na koton zai zama samfurin Clouser, wanda Bob Clouser ya fito da shi a 1987 don kifin kogin Susquehanna a Amurka, daga baya ya zama abin da ba a rasa shi a akwatin masu fatsar teku. Sauran samfurin Lefty Kreh ne mai doguwar wutsiyar gashin zakara, don ruwa marar zurfi.

Ga yadda ake koya wa masu ɗaurin, da filaya mai kullewa da aka ɗaure a bakin tebur a matsayin mariƙi. A shimfiɗa zare daga idon ƙugiya zuwa tsakiyarta. A raba miƙaƙƙen jikin ƙugiyar gida uku, a ɗora idon sarƙa a ƙarshen kason farko, a bayan ƙugiya, wato ɓangaren da ba tsini. A ɗaure shi da naɗi mai gicciye sau takwas zuwa goma, sannan a zagaye ƙarƙashinsa sau huɗu don naɗin ya tsuke, a ɗiga Super Glue ɗigo ɗaya. Farin gashi, kaurin ashana biyu, a ɗaure shi gaban ido, a ƙetare, a sake ɗaurewa bayan ido. Sai a kifa ƙugiyar tsini ya dubi sama, a sa silin ƙyalli shida zuwa takwas, a ɗora gashi mai launi a gaban ido kawai, a gama kai, a shafe da jan farce marar launi. Tsawon duka santimita 7 zuwa 10.

Nauyin idon ne ke kifar da koton a ruwa, tsini ya koma sama, farin gashin ya koma ƙasa, shi ya sa ba ya yawan kama ciyawa da kawa. Kowane koto ana jan sa a cikin baho kafin ya shiga akwati, kuma kuskuren da ake gani kusan iri ɗaya ne. Mafi yawa cika gashi: hannun da ya saba da cewa yawa shi ne kyau sai ya tula, koton ya ƙi nutsewa ko ya kwanta a gefe. Idan ba a iya hango yatsa ta cikin gashin ba, ya yi yawa. Sai idon da ke juyawa saboda an ɗora shi a kan ƙarfe tsirara ba shimfiɗar zare. Sai matso da ido kusa da bakin ƙugiya, a rasa wurin gama kai, koton kuma ya riƙa faɗawa da ka maimakon ya yi lilo. Gashin roba yana da nasa hali: yana zamewa daga ƙarƙashin zare, don haka a ninka shi biyu a kan zaren kafin a ɗaure, ba a ɗaure bakinsa kawai ba. Idan kuma wutsiya ta yi tsawo da laushi tana naɗe lanƙwasar ƙugiya a jifa. Ɗan manne a tushenta, tsawon rabin santimita, yana maganin haka.

Kowane ɗan gasa zai samu dozin ɗaya. Ba yawa ba ne. Barakuda ɗaya yana iya aske koto a cizo guda.

30 ga Nuwamba

Koyon jifa a filin ƙwallo mai ciyawa, da sassafe. Ba a yi a kan kwalta ko yashi, suna cinye rufin igiya. Ulu ake ɗaurawa maimakon koto, kuma ba mai riƙe sanda sai da tabarau da hula. Abin da ake nema shi ne jifan mita 15 zuwa 18 ya sauka cikin faranti, da lilo biyu ko uku, ba nisan gasa ba. Yawancin matsala daga wuyan hannu take: yana karyewa baya, sanda ta faɗi, igiya ta daki ƙasa. A sa gindin sandar cikin hannun riga, ya hana. Idan an ji igiya ta yi ƙara irin ta bulala, an dawo da ita gaba tun ba ta miƙe a baya ba, kuma a ruwa wannan ƙarar koto ne ya tafi.

14 ga Disamba

Zaren gaba, wanda ke tsakanin igiya da koto, mu muke haɗa shi da lailon na kasuwa: mita 1.4 na laba 40, santimita 70 na laba 30, santimita 60 na laba 20. A bakinsa a ƙara guntu mai kauri, laba 40 zuwa 60, saboda bakin tafon kamar zarto yake, yana goge siririn zare har ya tsinke. Inda barakuda ya yi yawa, waya ake sa wa a wurin. Mun ɗauki ƙa'idar IGFA, hukumar fatsar wasa ta duniya, a nan don kada a yi gardama: siririn zaren kada ya gaza inci 15, guntun kariya kada ya wuce inci 12, kuma ƙarfin siririn kada ya haura laba 20.

Lambar da ke jikin kwalin zare ba abin dogaro ba ce, musamman wanda ya sha rana a shago. Gwajinmu bokiti ne: a rataye shi da zaren, a riƙa zuba ruwa lita-lita, kowace lita kilo ɗaya, a haɗa da nauyin bokitin. Laba 20 kilo 9 ne da ɗan ɗori. Zaren da ya tsinke a tsakiya tun kafin kilo 7 ya tsufa, a mayar. Wanda ya tsinke a ƙulli, a duba bakin: idan ya nannaɗe kamar wutsiyar alade ƙullin ne ya zame, naɗi bai isa ba ko ba a ja shi ya zauna ba, idan ya yanke fes, zafi ne ya ƙone shi saboda an ja shi a bushe. Kowane ƙulli a jiƙa shi kafin a tsuke, a ja a hankali.

Koto da ƙullin zobe ake ɗaura shi don ya samu sakewa: naɗi huɗu a zaren laba 20 zuwa 40, uku a na 50 zuwa 60. Ƙara naɗi a zare mai kauri ba ƙarfi yake ƙarawa ba, hana ƙullin zama yake yi. Haɗa siriri da mai kauri ko waya kuwa ƙullin Albright ne, naɗi goma zuwa goma sha biyu, kuma bakin zaren ya fita ta inda ya shiga.

28 ga Disamba

An kai masu koyo dam ɗin Tiga, bayan an nemi izinin Sarkin Ruwan wurin. Daga gaɓa da cikin jirgi aka yi, ba a shiga ruwa ba, saboda tsargiya. Karfasa ba tafon ba ce, amma ta isa ta nuna ɗabi'ar da za ta jawo asara a Legas: da an ji cizo sai a ɗaga sanda sama. Sanda tana lanƙwasa, ba ta da ƙarfin cusa ƙugiya a baki mai ƙashi. A bar bakin sanda yana kallon ruwa, a fizgi igiya da hannun hagu, doguwar fizga, sai kifi ya kamu sannan a ɗaga.

Hunturu ya kawo nasa. Igiyoyin da aka aro na ƙasashen zafi ne, cikinsu mai tauri, da sanyin safiya suna fitowa daga manaɗi a nannaɗe. Sai mutum biyu sun ja su sun miƙe kafin a fara. A zafin Legas wannan taurin ne amfaninsu. Ƙura kuma tana manne wa igiya ta rage gudunta a zoben sanda, don haka ana goge ta da tsumma da ruwan sabulu kaɗan bayan kowane fita. Idan iska na bugowa ta kafaɗar da ke jifa, a juya baya a yi jifan ta baya. Koto mai idon ƙarfe idan ya daki sanda yana tsaga ta, ta karye daga baya ba a san dalili ba.

Kwandon igiya ya yi kyau: robar wanki daga kasuwar Ƙofar Wambai, a huda gindinta, a tsayar da igiyoyin ɗaure waya guda shida a ciki don kada igiya ta harɗe, a sa mata ɗamara.

11 ga Janairu

Ranar gasa. Tafkin Legas ba kullum yake da gishiri ba. Da damina ruwan koguna ke rinjaye, ya yi laka, kainuwar nan da ta mamaye shi tun shekarun 1980 ta toshe mashigai. Da rani gishiri ke shigowa, kainuwa ta mutu, kifin teku ya biyo. Don haka tsakanin Fabrairu da Maris ake dubawa, a ranar da ba ta faɗa cikin azumi ba. Teku tana cika sau biyu a yini, kowace rana tana jinkirta kusan minti 50, kuma cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da tsakiyarsa. Kifi yana ci ne idan ruwa na tafiya. Idan ya tsaya cak, ko a cike ko a janye, sai a huta. Ranar da shigowar ruwa ta dace da hantsi ita muke so, a fara bayan asuba da gari ya waye, a tashi kafin la'asar, kowane jirgi ya dawo da sauran rana.

Maki da tsawo ne, ba nauyi ba, kuma sakin kifin ake yi. Allon awo bututun ruwa ne mai inci 4 daga kasuwar Ƙofar Ruwa, a tsaga shi biyu a tsaye, a manna murfi a gefe ɗaya, a liƙa ma'auni a ciki. Ba tef ɗin tela ba, yana miƙewa. Kowane allo an gwada shi da ma'aunin ƙarfe ɗaya. A jiƙa allon, a rufe bakin kifi ya taɓa murfi, a auna zuwa tsagar wutsiya, a ɗauki hoto da katin lambar ranar a ciki, wadda ba za a faɗa ba sai da safiyar gasa. Hannu a jiƙe, ba yatsa a cikin matsefin numfashi, kuma kada kifi ya wuce daƙiƙa 20 a waje. Babban tafon ba a ɗaga shi sam. A jihar Florida ta Amurka ma doka ce, wanda ya haura inci 40 a ruwa ake barin sa. Makin babban tafon ƙayyadadde ne da zarar alƙalin jirgi ya kama zaren gaba da hannu.

An yi muhawara a kan sakin, kuma masu cewa almubazzaranci ne a kama abinci a mayar ba su yi wauta ba. Abin da ya raba gardamar shi ne ruwan na masuntan can ne, da shi suke ci, ba zai yi kyau baƙi su zo su kwashe manyan kifaye da sunan taimako ba. Kifin da ya ji ciwon da ba zai rayu ba na mai jirgi ne, kuma ba shi da maki.

25 ga Janairu

Kuɗi kashi biyu ne da ba sa haɗuwa. Kuɗin shiga gasa shi zai biya jirage, mai da alƙalai. Alkawarin masu taimako, wanda suke yi a kan kowane santimita na kifin ɗan gasar da suka zaɓa, riguna kawai zai saya, a asusu dabam mai sa hannun mutum uku. An sa wa kowane alkawari iyaka, don kada wani ya kama abin mamaki mai alkawari ya shiga uku.

Samfurin riguna sun iso, kuma ba duk abin da ke da ruwan lemo ne rigar ruwa ba. Mai lamba 50N (lambar tana nuna ƙarfinta na ɗaga mutum a ruwa) ta wanda ya iya iyo ce. Fasinjan dam 100N yake buƙata aƙalla, mai abin wuya da ke tallafe kai. An farke ɗaya daga kowane iri: mai kyau kumfarta ba ta shan ruwa, wata kuwa soson kujera ne a ciki, ana matsawa ruwa na zuba. Ta manya an rataya mata ƙarfe kilo 10 a cikin tanki ta kwana. Wadda ta nutse an cire mai kawo ta daga lissafi. Rabin odar ta yara ce, kuma dole da maɗaurin da ke bi ta tsakanin ƙafafu, in ba haka ba yaro yana zamewa ta ƙasa rigar ta tashi ita kaɗai. Kowace za a buga mata lamba da sunan mashigi, a damƙa wa shugaban masu jirage, da akwatin ajiya a inuwa, domin rana tana cinye yadin da maɗaurai. 'Yan gasa ma da irinsu za su hau, LASWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar Legas, ba ta yarda fasinja ya shiga jirgi a Legas babu ita ba.

Abin da ya rage: koto na kan kashi uku cikin huɗu, lamba 2/0 ce ta yanke, ana jiran ƙugiya. Bututun ɗaukar sanda, mai inci 2 da murfi da soso a kowane baki, an yanka amma ba a manne ba. Ba a kammala da masu jirage ba a kan yawan mutum; matsayinmu masu jifa biyu da alƙali ɗaya a jirgi, ɗaya na jifa ɗaya na jira. Ana kuma neman jarkoki na ruwan daɗi, ɗaya a kowane jirgi, don ɗauraye manaɗi da zoben sanda tun a bakin ruwa, tunda kayan aro ne.